Kafar Katangarmu a Layin Sikeli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Lawali, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan Ƙaura lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Geron gonarmu ta Ɗan Isa ya yi kyau, an gama kai shi rumbu. Baffa Garba yana gaishe ka. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, amma ka san ba ta taɓa cewa ba.

Na san za ka ce me ya hana ni yin kaset kamar kowa. Na gwada. Na ari rediyon Baffa, na shiga ɗaki, na danna jan maɓalli, na zauna ina kallon kaset yana juyawa. Da na mayar na saurara, babu komai a ciki sai sallamata da numfashina da carar zakaran maƙwabta. Shi ya sa na ɗauki biro. Na kuma san a ɗakinku mutum ɗaya ba ya karanta takarda shi kaɗai. To masu leƙe ta kafaɗar Yaya, ina gaishe ku. Maganar gida ce, amma ban hana ku ji ba, don wataƙila wani a cikinku ma ya aika garinsu a yi masa gini.

Kaset ɗinka ya iso ta hannun Ɗanjuma direba, ranar da ya dawo ɗaukar shanu a kasuwar Shinkafi. Baffa ya kunna shi a tsakar gida. Kana yin sallama Inna ta tashi ta shige madafi, kamar yadda ta saba, ta kama wanke tukunyar da na riga na wanke. Amma ba ta yi ƙarar ko ludayi ba har ka gama.

Mun ji ka ce a rushe katangar ƙasar nan da damina ta cinye gindinta, a tayar da ta bulo. Allah ya saka maka da alheri, duk mun ji daɗi. Sannan muka ji ka ce a toshe kafar da ke jikinta. Ka ce tunda yanzu mun samu jiharmu, Shari'a kuma ta tsaya, bai kamata gidanmu ya zauna kamar tashar mota ba, kowa ya faɗo ta baya. Ka ce a suturta iyali.

Yaya, wallahi da na ji haka sai da na ciji mayafina. Shekara nawa ka yi a gidan nan, amma a ce ba ka san mece ce kafar nan ba?

Babu mai gaya maka. Baffa ba zai faɗa ba, don shi tun da aka sauke bulo a ƙofar gida yake zama kusa da shi yana amsa gaisuwar mutane. Inna kuwa kai ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunanka, ba ta yi maka magana kai tsaye, ba ta aika maka saƙo. Saura ni, wadda ko a aji malama sai ta ce in ɗaga murya. To ka yi haƙuri, yau ƙanwarka za ta koya maka layinku.

Bari in fara da wanda ka sani, layin waje.

Kaka Hajo, Allah ya jiƙanta, ta sha ba ni labari ina cire mata furfura. Ta ce kafin dogo ya iso Ƙaura, wurin nan bakin gonaki ne, sai wata 'yar turba ta jakai da ta fito daga wajen Zurmi. Da jirgin ƙasa ya iso, ya zama nan ne ƙarshen tafiyarsa, sai masu sayen gyaɗa da auduga suka kafa sikeli ƙarƙashin tsamiya, a bakin turbar. Sunan layin ke nan ya samo asali. Tsamiyar ta mutu, sikelin an daɗe da cire shi, jirgin ma yanzu sai mu manta rabon da mu ji kukansa. Amma dakalin simintin yana nan a kan layi, shi ne wanda mai shayi yake jera gwangwanayen madara a kai.

Kakanmu Malam Bawa ya taso daga Dauran ya gina zaure babba don saukar masu kawo kaya. Bayansa maƙera suka zo, suka zauna kusa da kan layi, don kullum akwai abin gyara. Aka gina masallaci kusa da su. Aka haƙa rijiya a tsakiyar turbar saboda dabbobi. Raƙuma suna zuwa suna kewaye rijiyar, masu gini kuma suka bi sawun raƙuma, shi ya sa layin ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu a daidai nan. Har yau mota ba ta shan kwanar sai ta ja da baya. Gidanmu shi ne na farko bayan lanƙwasar. Daga mu sai gidajen Shinkafawa, waɗanda suka zo daga baya, suka jeru har wutsiyar layi, inda kududdufin da aka ɗebi ƙasar ginin unguwar yake. Daga can mutum yake ɓullewa hanyar asibiti da ta makarantarmu.

Wannan duk ka san shi. Shi ne ma'aikatan sabuwar jiha suka bi da gwangwanin fenti suna rubuta lamba a jikin zaure. Sun ƙirga ƙofofi sun tafi, suna ganin sun gama da Layin Sikeli.

Akwai layi na biyu, Yaya. Mata suna ce masa layin ciki.

Kaka ta ce lokacin da aka kawo ta amarya daga Zurmi, ƙofar gida ba ta fituwa. Tun safe har yamma raƙuma ne a durƙushe, ga Buzaye, ga leburori, ga baƙi cike da zaure. Ta ce ta san dakan maƙwabciyarta kafin ta san fuskarta, don ta katanga suke jin juna. In waccan ta buga taɓarya, ita ma sai ta buga, shi ne gaisuwarsu.

Wata rana da tsakar rana, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, maza duk suna wajen sikeli, ta ji dakan ya tsaya, sai nishi. Naƙuda ce ta kama matar, ita kaɗai a gida. Kaka ta ce ta kai zaure ta leƙa, ta ga maza maƙil, ta dawo. Sai ta ɗauki tulu ta kwarara wa katanga ruwa, ta sa taɓarya ta fasa ta, ta kutsa. Da Malam Bawa ya dawo da yamma ya ga ɓaraguzai, aka gaya masa an samu 'ya mace. Ya daɗe yana kallon wurin. Kaka ta ce abin da ya ce kawai shi ne: "A gyara bakinta kada ta yagi zanen wata."

Jaririyar nan ita ce Gwaggo Tumba ungozoma, wadda ka sani, mai zama a wutsiyar layi.

Daga wannan kafar sauran suka samu. Maƙwabciya ta fasa tata ta ɗaya gefen, matan maƙera suka fasa tasu, gidan liman ma haka. Yau mace za ta shiga daga gidan farko ta kan layi, ta bi tsakar gida zuwa tsakar gida, ta bayan rumbu, ta gefen madafi, ta fita a bakin kududdufi, babu namijin da ya ga ko gefen mayafinta. Layin ba a miƙe yake ba. A gidan maƙera sai ka sunkuya. A gidan liman akwai tunkiya mai tunkuyi, sai ka bi ta jikin bango. Wani wuri an rataya tsohon buhu, wani wuri asabari. Maza kuwa kowa ya san iyakarsa, zaure ne, don haka ba a cin karo.

Kai ma ka bi shi. An ce kullum kana ciki da kwanon aike, kana satar ƙuli-ƙuli a gidan Shinkafawa. Sai ranar da muryarka ta fara buɗewa, Gwaggo Tumba ta tare ka da muciya a bakin kafarmu ta ce: "Kai ƙato, ga gemu na tahowa! Koma layin maza." Har yanzu mata suna ba da labarin yadda ka ruga ka bar takalmi ɗaya. Tun daga ranar ba ka sake ganin unguwar nan ba sai ta zaure. Na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne yadda ka manta gaba ɗaya.

Ka tuna rasuwar Baba. Kana zaune a zaure da Baffa kuna karɓar gaisuwa tun safe. Da ka shigo ciki shan ruwa ka tarar da tsakar gida babu wurin sa ƙafa, mata har bakin rijiyar cikin gida, ga kwanonin abinci jere kamar na biki. Mace nawa ka ga ta ratsa ta gabanku a zaure? Ba ka taɓa tambayar kanka ta ina suka shigo ba? Daga sama suka sauko?

Ta nan garwashi yake wucewa da safe in wutar wata ta mutu. Ta nan ake aron rariya da gishiri. Ta nan ake kai wa mai jego kunu. Lokacin da Inna ta yi ciwon ƙafa bara, ban je makaranta da yunwa ba ko sau ɗaya, kuma ban san ko wace ce take ajiye kwanon ba.

Yanzu in zo kan maganarka ta sutura, don ita ta fi ba ni haushi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, matar liman ta buɗe karatun matan aure bayan la'asar. Mata sun shiga sosai, har da waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Inna ma tana zuwa, ta kusa haɗa izu. Gidan liman yana sama da mu. Matan da ke ƙasa da mu, duk jerin gidajen Shinkafawa, ta tsakar gidanmu suke bi. Mazansu sun yarda ne don ta ciki za su bi. Ka toshe kafarmu, ka yanke layin gida biyu, kuma rabin ajin nan ya tashi. Kafar ɗaya gefen tana nan, amma me za a yi da hanyar da za a shiga ba a fita? Kai kana Ikko kana jin labarin Shari'a a rediyo kana murna, mu da muke cikinta ga abin da saƙonka zai yi mana.

Ni ma abin ya shafe ni, ba zan ɓoye ba. Ka san yanzu mata ba sa hawa kabu-kabu, motar mata kuma sai ka gaji da jira ba ta zo ba. Da ƙafa nake zuwa makaranta. In na bi ta ciki, ina gaida iyaye gida-gida har in ɓulla kududdufi. In na bi ta waje, sai na ratsa majalisar da ke zama a bakin rijiya, daf da ƙofarmu. Ba su taɓa ce mini komai ba, Allah ya sani. Amma ƙafafuna harɗewa suke yi, in rasa yadda ake tafiya. Wannan dai matsalata ce, zan iya daurewa. Ba don ita na rubuto ba.

Ga abin da ya faru bayan kaset ɗinka.

Mamman birkila ya zo ya rushe tsohuwar katanga, ya ja igiya, ya fara gini. Aikinsa yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya iso daidai kafar, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, don shi ma ɗan layin ne, shi ma an taɓa korarsa da muciya. Ya dubi Baffa. Baffa ya dubi bulo. Mamman ya ce: "Ni dai abin da anka ce in yi, shi nika yi." Ya jera sahu ɗaya a bakin kafar, ya shafe da siminti, aka tashi.

Washegari Juma'a ce. Ka san duk Juma'a da hantsi Gwaggo Tumba takan taso daga wutsiyar layi ta bi gida-gida tana duba 'ya'yan da ta yanke wa cibi. Yanzu idonta ya yi rauni ƙwarai, da hannu da ƙafa take gane hanya, amma ba ta taɓa ɓata ba, don rana ɗaya aka haife su, ita da hanyar. Ranar ban je makaranta ba, ina shara na ji sallamarta. Kafin in ce ta tsaya, ta yi tuntuɓe da bulon ta zube cikin gidanmu. Ƙwaurinta ya goge, 'yar ƙwaryar goronta ta watse.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa tana laluben bulon da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta ce: "Wa ya aje dutse bisa hanya?" Da ta gane, sai ta yi dariya ta ce: "Domina anka fasa wagga katanga in hito duniya. Yanzu ni za a tare? Ku ce ma Lawali ya jira in mutu, ba ni daɗewa."

Inna ce ta wanke mata ciwon. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, kamar ni na jera bulon.

Da gari ya waye Inna ta mirgino babban turmi daga bakin madafi, ta girke shi a bakin kafar, ta zuba gero ta fara daka. Mamman ya zo da cokalin gininsa ya tsaya. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya ce ko za a ɗan gusa da turmin. Ta ce bari ta gama wannan. Da ta gama ta zuba wani.

Yaya, tun ranar take daka. Ta daka namu, ta surfa, ta ɓarza. Garin da ke gidan nan zai kai mu azumi. Da namu ya ishe ta, sai ta fara karɓar na maƙwabta. Mata suna tsallako bulon da ƙwaryarsu suna ce mata sannu da aiki, kowa ta san ko wane aiki ne, babu mai faɗa. Mamman ya gama sauran katangar tsaf, ta tsaya fes, sai giɓin nan kaɗai da Inna a cikinsa. Kullum yakan leƙo ya ce: "Inna, yau ma da saura?" Ita kuma ta ce: "Da saura." Sai ya zauna a ba shi fura ya sha ya tafi.

Abin dariya ne in kana ji daga nesa. Amma wurin babu inuwa tun da aka sare dalbejiyar don gini. Tafin hannunta ya yi kanta ya fashe. In ta tashi daga ruku'u sai ta dafa bango. In na karɓi taɓaryar, da na tafi makaranta ta koma.

Na ce mata, Inna, ga rediyo, kalma ɗaya za ki faɗa a kai masa, shi ke nan. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce: "Ke ba ki da kunya? Ni in yi mai magana?" To ita ta gwammace bayanta ya karye da ta ce wa ɗanta a'a. Ina ƙaunar Inna, amma ranar sai da na shiga bayan rumbu na yi kukan haushi.

Na je wurin Baffa. Na tsara maganata tun a hanya kamar zan yi muhawara a makaranta. Da na durƙusa a gabansa, abin da ya fito daga bakina shi ne ina wuni. Shi ya gane da kansa. Ya ce: "Mai kuɗin ginin ya ce a toshe. In shi ya ce a bari, a bari. Ni ɗan saƙo ne." Sannan ya ce ba zai bar katanga da giɓi mutane suna yi masa dariya ba. In Ɗanjuma ya dawo daga wannan tafiyar bai zo da sabuwar magana daga bakinka ba, za a ɗauke turmin a toshe.

Ka ga inda muke. Kowa yana jin nauyin kowa. Mamman yana jin nauyin Inna, Inna tana jin kunyarka, Baffa yana fakewa da kai, kai kuma kana can ba ka san komai ba, kana jin ka yi abin kirki. Kuma ka yi ɗin, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na san ba a kwance kake samu ba. Na san don mu kake kwana a kasuwar shanu.

Jiya da yamma ina zaune kusa da ita da littafina a cinya, ina ta juya yadda zan fara wannan takarda. Tana daka, ba ta dube ni ba. Sai na ji tana magana, kamar da turmin take yi. Ta ce: "In rubutu kika yi, ki ce ma mutumin Ikko ta nan Tumba ta shigo ta yanke mai cibi. Mabiyiyatai na nan gindin kafar ga, ni na nuna inda za a gina. In ya ce a zuba mata siminti, a zuba."

Ta buga taɓarya sau biyu ko uku. Sannan ta ce: "Ban aike ki ba."

Yaya, tun da nake ban taɓa jin ta ce a ce maka komai ba. Ko lokacin da ka yi zazzaɓin nan mai tsanani a Ikko, tuwo kawai ta daina ci, ba ta tambaya ba. Wannan shi ne saƙonta na farko gare ka, kuma ga shi na kawo, ko da ba ta aike ni ba. Mabiyiyarka tana binne a inda take tsaye tana daka.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka yi kaset, ka ba Ɗanjuma kafin ya juyo, don Baffa ba zai yarda da takarda ba sai ya ji muryarka. Ka ce a cire sahun bulon nan. Ka ce Mamman ya gyara bakin kafar, faɗin da mai goyo za ta wuce da ƙwarya a kai. In kana so a sa mata 'yar ƙofar langa-langa, a sa, amma kada a yi mata kwaɗo. Kuma kada ka ambaci Inna a ciki, kada ka ce ka ji saƙonta. Tana madafi za ta ji ka.

Allah ya tsare mana kai a inda kake, ya raba ka da sharrin hanya da na kasuwa. Allah ya sa albarka a neman da kake yi. Allah ya jiƙan Baba da Kaka Hajo da Malam Bawa, ya ba Gwaggo Tumba lafiyar ƙafarta. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ka shigo ta zaure kamar yadda ya dace da mai gemu, amin.

Zan tsaya nan in kai wa Ɗanjuma kafin su ɗaure mota. Matar maƙera ta shigo da wata ƙwaryar gero, Inna kuma ta karɓa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Shafa'atu